Albashi ɗaya, yara huɗu: ta ina zan rage kashe kuɗin gida har in kai iyali Yankari?

Abban Yara

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan abin. Ma'aikaci ne ni a Kano, mata ɗaya da yara huɗu, babban shekara 13, autar shekara 4. Gidan haya muke, mitar kati, girki da gas, in ya ƙare a koma gawayi. Albashi ba ya kai mu 20 ga wata, alhali babu wani babban abu da nake saya. Kuɗin cefane kullum da safe nake bayarwa, shinkafa da masara kwano-kwano a shagon unguwa, mai kuma kwalba-kwalba.

Abu biyu nake so: in san inda kuɗin ke zurarewa in toshe, sannan in samu abin da zan kai yaran Yankari, gandun namun daji da ke jihar Bauchi, a hutun Disamba, ko da kwana biyu ne. Ina da 'yar tsohuwar mota. Yanzu muna farkon Oktoba. Don Allah a ba ni abin da zan iya aikatawa, me zan saya, yaushe, nawa, kuma yaya ake adana shi.

Ɗan Dawanau

Wa alaikumus salam Malam. Ai ka faɗi ciwon da bakinka, kwano-kwano da kwalba-kwalba. Mai shagon unguwa ba cutarka yake ba, shi ma sarowa ya yi, ya biya dako da mota, ya ɗora tasa ribar a kan kowane awo. Matsalar ita ce kana biyan ribar mutum uku ko huɗu da ke tsakaninka da manomi, kuma kana biya a farashin ranar, har da na Yuli da Agusta lokacin da rumbuna suka yi ƙasa.

Amma kada ka ruga kasuwa tukuna. Ka fara sanin cikin gidanka. Mako biyu, uwargida ta riƙa rubuta duk kwanon da aka auna: masara nawa, gero nawa, wake nawa, shinkafa nawa. Ka ninka biyu, ka samu cin wata. Babban buhu a nan Kano kwano 40 ake lissafa shi, wajen kilo 100. A ce kuna cin rabin kwanon gari kowane dare, wato kwano 15 a wata. Masarar da za ta ba ka wannan garin ta fi kwano 15, don surfe yana cire dusa, sai ka lissafa kwano 18 zuwa 20. Ka ga buhu ɗaya wata biyu ke nan. Wanda bai yi wannan lissafin ba shi ne ke sayen buhu uku na dawa a gidan da yara ba sa son tuwon dawa. Dusar kuma kada a bar wa mai inji, masu kiwo suna saye.

Kowane hatsi da lokacinsa. Gero ne ke fara shigowa, tun Satumba zuwa Oktoba. Masara Oktoba zuwa Nuwamba, wake Nuwamba zuwa Disamba, dawa ita ce ƙarshe, sai sanyi ya kankama. Kada arhar masarar farko ta ruɗe ka. Ɗanya ce, ruwa kake saye da kuɗinka, in ta bushe awon zai ragu, in kuma ka ɗaure ta haka za ta yi fumfuna. Fumfunar masara da gyaɗa tana haifar da gubar da ke lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe ta, don haka hatsin da ya yi kore-kore ko warin rima ba na ci ba ne ko an wanke.

Gwajin bushewa iri biyu ne. Ka ciza ƙwaya, in ta fashe da ƙara ƙas, ta bushe; in haƙori ya lotsa ta, da saura. Ko ka samu busasshiyar kwalbar gilashi, ka zuba hatsin kamar sulusinta, ka ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe sarai, ka rufe ka girgiza, ka bar ta minti 15 ka sake girgizawa. Gishiri ya manne a jikin kwalba, hatsin yana da laima.

A kasuwa ka sa a zazzage buhun a auna a gabanka. Saman buhu kullum kyakkyawa ne, tsakuwa da ƙaiƙayi da tsohon hatsi a gindi suke, kuma buhun da aka ce cikakke ne yakan zo da giɓin kwano biyu ko uku. Ka haɗa la'ada da kuɗin ɗan dako da na mota a cikin farashin kafin ka ce ka yi arha. Saboda buhu ɗaya tak bai kamata ka je kasuwar hatsi ta Dawanau ba, kuɗin kawo shi gida zai cinye ribar. Ku haɗu ku uku ko huɗu a wurin aiki, ku ɗauki mota ɗaya.

Sai ajiya, nan ne yawancin mutane ke yin asara, musamman a wake. Ka nemi buhun PICS, wanda ake ce wa mai ninki uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Masana na jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi, kuma ba ya buƙatar magani ko kaɗan. Ƙwaro yana numfashi ne, in ya shanye iskar da ke ciki ba wata ta shigo, sai ya daina ci ya mutu, shi da ƙwansa. Kafin ka zuba, ka hura iska cikin kowace leda ka matse ka ji ko tana tsiyaya, don huji ɗaya kamar na allura ya ɓata aikin. Ka zuba, ka bar wajen taƙi ɗaya a sama, ka matse iskar, ka murɗe bakin ledar farko ka lanƙwasa ka ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje daban. Ka ɗora a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, saboda laima da ɓera. Ba a buɗe shi kullum. A ɗebi na wata guda a zuba a bokiti mai murfi, a mayar a ɗaure. In buhun bai samu ba, wankakkiyar jarka mai lita 25 da ta bushe ƙarau tana yin aikin, in dai an cika ta har wuya an sa leda a ƙarƙashin murfin.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne yayyafa fiya-fiya a wake, ko jefa ƙwayar maganin hatsi a buhun da ke cikin ɗakin kwana. Ƙwayar nan hayaƙin guba take fitarwa, ta kashe mutane a cikin barci. Maganin ƙwarin da ake zubawa a wake shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Abin da Bature ya ƙi, ba za ka ba 'yarka mai shekara 4 ba.

Hajiya Mai Kauda

Alhaji ya gama da hatsi, ni bari in shiga kicin, don miya ce ke cin kuɗi a ɓoye. Tuwo ana ganin buhunsa, amma tumatirin ɗari biyu yau, na ɗari uku gobe, ba mai lissafa shi.

Tumatiri da tattasai da attaruhu suna faɗuwa daga Janairu zuwa Maris, lokacin da na rani daga Kadawa da Kura da Garun Malam ya cika kasuwar 'Yankaba. Daga Mayu zuwa damina kuma sai dai a kalle su. To a watannin arha ake yin miyar damina. Kwando biyu ko uku, a zaɓi mai tauri mai nama, ba mai ruwa-ruwa ba. A wanke, a yanka biyu, babba huɗu, a barbaɗa gishiri kaɗan, a shanya fuskar yankan tana kallon sama. Kada a shanya a ƙasa ko a bakin titi kamar yadda ake yi wa na sayarwa, shi ya sa kaudar kasuwa ke da ƙasa da baƙi. A ɗora tabarma ko raga a kan benci, a lulluɓa da tsohon gidan sauro saboda ƙuda, a kwashe da yamma kada raɓa ta sauka. Da iskar hunturu kwana biyar zuwa mako ya isa. Kada ki tsorata 'yar'uwa in kwando ya koma ɗan ƙunshi, tumatiri kusan duk ruwa ne, in an jiƙa zai dawo. Wanda ya bushe da kyau ba ya danƙo a hannu. A zuba a bokiti mai murfi, a riƙa fito da shi rana lokaci-lokaci in damina ta shigo.

Masu son dafaffe a kwalba su kula da wannan. A markaɗa tumatiri zalla, a dafa har ruwan ya tsotse, a zuba da zafinsa cikin kwalbar gilashi mai murfin ƙarfe da aka tafasa, a sa cokali ɗaya na ruwan lemun tsami a kowace rabin lita, a rufe, a nutsa kwalaben cikin tukunyar ruwa su tafasa minti 45. Kuskuren da ake yi shi ne haɗawa da albasa da tattasai tun a markaɗe. Tsamin tumatiri ne ke tsare shi, su kuwa suna rage tsamin, sai ƙwayar cuta mai haɗari ta samu wuri. Duk kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi kumfa da aka buɗe, a zubar, ba a ɗanɗanawa. Zuba mai a saman markaɗe ba ya tsare shi wata da watanni, na 'yan kwanaki ne a firji.

Albasa arharta daga Fabrairu zuwa Afrilu. A zaɓi mai busasshen wuya, a baza a inuwa mai iska a kan katako, ba a cikin buhu ba, duk mako a tsince mai laushi, don guda ɗaya in ta ruɓe sai ta ja na kusa da ita. Manja ma kusan lokacin yake sauka, sai ƙarshen shekara ya hau. Kuka da kuɓewa busasshiya da karkashi da daddawa, waɗannan a ƙauye ake sayensu da kaka, kwano guda ya kai watanni. In an yi miyar kuka ko kuɓewa dare huɗu a mako, miyar dage-dage ta zama ta Juma'a da ranar baƙi, an rage rabin rigimar.

Gas kuma. Ka daina cewa a zuba maka na dubu kaza, ka ce kilo kaza. A jikin tukunyar akwai nauyinta in babu komai, an rubuta shi kusa da haruffan TW. Ka sayi ɗan sikelin ratayawa, ka auna kafin da bayan zubawa, bambancin shi ne gas ɗinka. A haɗa ruwan omo a shafa a bakin tukunya da mahaɗar tiyo, in ya yi kumfa yana tsiyaya, asara ga haɗari. Wuta shuɗiya ake so. In ta yi ja tana baƙanta tukunya, ramukan kan murhun sun toshe, a cire a goge da tsohon buroshi. Harshen wutar da ya fito gefen tukunya iska yake dafawa.

Wake shi ne babban mai shan gas. A jiƙa shi tun dare, da safe a zubar da ruwan, a tafasa minti 15 da murfi a rufe, a sauke, a naɗe tukunyar da tsohon bargo a cusa cikin kwali ko kwando. Bayan awa biyu zuwa uku ya nuna da zafin kansa. Shinkafa tafasar minti biyar take so, a naɗe minti 40, kuma ba ta kamawa. Sharaɗin dai kada a buɗe a tsakani, kuma kada a bar abinci a ciki ya wuni har ya huce. Abin da ke daɗewa a wuta, kamar ganda da ruwan wankan yara da sanyi, a kai shi kurfoti, a tsakar gida, ba a ɗaki a rufe ba. Hayaƙin gawayi ba ya wari amma yana kisa.

Na ƙarshe, kuma shi ne wanda maza ba sa son ji: kuɗin cefane na kullum ya fi na mako tsada. Ka ba uwargida na mako, ta sayi magi sinƙi, sabulu sanda, omo babbar leda daga kasuwar Singa, ba ƙulli-ƙulli ba. Kuma in ta yi tattali ta rage wani abu, ka bar mata shi. Matar da aka ƙwace wa rarar cefane ba za ta sake ragewa ba.

Mai Gyaran Wuta

Malam, mitarka ba ta ƙarya, sai dai mutane ba sa tambayarta. Yunit ɗaya shi ne abu mai cin wat 1,000 ya yi awa guda yana aiki. Da wannan kaɗai za ka iya lissafa komai a gidanka. Tsohon ƙwai mai wat 60 da ke kunne awa shida kullum yana cin kusan yunit 11 a wata. Ƙwan LED mai wat 9 a wannan lokacin bai kai yunit biyu ba. In kana da irin tsofaffin nan guda biyar, ka ga wajen yunit 45 da kake zubarwa duk wata a kan haske iri ɗaya.

Amma manyan ɓarayin su ne masu yin zafi: dutsen guga, hitar ruwa, murhun lantarki. Kowanne yana tsakanin wat 1,000 zuwa 2,000. Hitar da ake tsomawa a bokiti don wankan mutum shida da sanyi, awa ɗaya da rabi a rana, ita kaɗai za ta iya cin yunit 50 zuwa 60 a wata. Guga a tara ta a yi sau ɗaya a mako, don ɗumama dutsen daga sanyi kowace safiya shi ke jan wuta. Fankar sama wat 60 zuwa 75 ce, ba ta da yawa, sai dai in uku suna juyawa a ɗakunan da ba kowa.

Firiza, ka rufe ƙofarta a kan takarda ka ja. In takardar ta zare ba tirjiya, robar ƙofar ta saki, injin ba zai huta ba. Robar ake canzawa, ba firizar ba. A janye ta daga bango kamar taƙi, a raba ta da rana da murhu, in ƙanƙara ta kai kaurin yatsa a kashe a narkar.

Ka duba rasit ɗin katin da ka saya, ka raba kuɗin da yunit ɗin da aka ba ka, ka san nawa kake sayen ɗaya. Tun Afrilun 2024 da aka mayar da rukunin A sama da naira 200 kowane yunit, bambancin rukuni ya zama babba. Rukunin A alkawarin wuta awa 20 ne a rana, B awa 16, C awa 12. Ka san wanda layinku yake. In kuma yunit ɗin ya gaza abin da lissafi ya nuna, mai yiwuwa akwai tsohon bashin ɗan hayan da ya riga ka da ake cirewa a hankali, wannan maganar mai gida ce, ba taka ba. Gwaji na ƙarshe: ka kashe komai, ka zare duk filogi, ka kalli ɗan jan hasken mitar minti biyar. In yana ƙiftawa, ko waya tana zubar da wuta a bango, ko wani ya ja layi daga naka.

Malamar Lissafi

Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma akwai abin da ba a gaya wa Abban Yara ba, kuma gara ya ji tun yanzu. Kuɗin hatsin kaka da kuɗin Yankari a wata ɗaya suke nemansa, ga kuɗin makaranta na zango na biyu yana jira a Janairu. Sayen buhu ba ya sa kuɗi a aljihu a watan da aka saya, cirewa ma yake yi. Sauƙinsa sai daga Fabrairu zuwa gaba. In ka yi tafiyar a Disamba, ɗayan biyu ne, ko ka fasa hatsin ka koma kwano-kwano shekara guda, ko ka ci bashi. A ganina Disamba ta hatsi ce, tafiya kuma ta koma hutun zango na biyu, wajen ƙarshen Maris ko Afrilu, in bai faɗo cikin azumi ba.

Kuma Alhajin Dawanau ya yi haƙuri, ba kowace shekara hatsi ke tashi bayan kaka ba. Bayan da gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake a 2024, farashi ya sauka a 2025, waɗanda suka tara da tsada suka yi kuka. Don haka ka sayi na ci, na wata shida zuwa takwas, ba na jiran riba ba, kuma kada ka ci bashi mai ruwa don sayen buhu.

In za ka shiga adashi, ka roƙi uwar adashi ta sa kwasarka ta faɗo a Nuwamba. Adashi ba ya haihuwa, abin da ka zuba shi za ka ɗauka, amfaninsa kawai ya ba ka dunƙulallen kuɗi a ranar da dunƙulen ke da daraja. Na kullum da mai tarawa ke zagayowa kuwa, zubin kwana ɗaya nasa ne a kowane wata, wato kusan kashi 3 cikin 100 kake biya don a riƙe maka kuɗinka.

Kuɗin tafiya a cire shi ranar da albashi ya shigo, ba abin da ya rage a ƙarshen wata ba, don ba abin da ke ragewa. A asusu daban, wanda ba shi da kati a aljihunka. Ƙananan cajin nan ma a kula da su. Tun Maris 2025 cirar kuɗi a na'urar bankin da ba naka ba naira 100 ce a kan kowace 20,000, ta bankinka kuma kyauta. Mai cire dubu biyu-biyu a wurin mai POS kullum ya lissafa abin da yake bari a wata. Data ma tun da aka ƙara kuɗin kira da ita a farkon 2025, sayen ta kwana ɗaya-ɗaya yakan fi ta wata tsada. Sai kuɗin tara na yara huɗu: dafaffen dankali ko ɗanwake ko gyaɗa daga gida da gorar ruwa sun fi biskit riƙe ciki. Anko da gudummawar biki kuwa, ku zauna da uwargida ku yanke abin da za a iya a wata, wanda ya zo bayan an cika sai a kai ƙafa da addu'a.

Abban Yara

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, maganarki ta shige ni, ko da yake na riga na yi wa yara alkawarin Disamba. Wanda ya san hanyar ya taimaka: me tafiyar ke ci, kuma Afrilu ba ta yi zafi da yawa ga yara ba?

Tsohon Direba

Zafi kam akwai shi Malam, ba zan ɓoye maka ba, Afrilu a Bauchi ba wasa ba ce. Amma ta fuskar ganin dabbobi ta fi Disamba. Da rani ya yi nisa ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dabbobi suna taruwa a bakin kogin Gaji. A Disamba daji bai gama buɗewa ba, kuma makon Kirsimeti zuwa sabuwar shekara shi ne lokacin da wurin ya fi cika, ɗaki ya yi wuya. In ka samu ƙarshen Maris, ka samu tsakiya. Ko yaushe ne dai, ka zaɓi Talata zuwa Alhamis, ka guji ƙarshen mako da ranakun Sallah.

Lissafin hanya: Kano zuwa Bauchi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi wajen kilomita 300 ne. Daga Bauchi ka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ka karya dama, ka wuce ƙofar shiga ta Mainamaji, har sansanin Wikki, wajen kilomita 110 gaba ɗaya, kuma kusan 40 na ƙarshe a cikin dajin kake. Zuwa da dawowa ka ƙaddara 820. Tsohuwar ƙaramar mota da mutum shida da kaya, ka lissafa litar fetur ɗaya a kilomita 10, wato lita 82, ka ƙara 10 na zirga-zirga. Ka ninka da farashin ranar, ka samu babban kason tafiyar. Ka cika tanki a Bauchi, kada ka dogara da samun mai bayan Dindima. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 mai ne ke yanke hukuncin kowace tafiya, amma ga mutum shida motarka ta fi ta haya. A tasha kujera huɗu ko biyar za ka biya zuwa Bauchi, daga nan kuma sai shata, don motar haya ba ta zirga-zirga zuwa cikin dajin, kuma mai shatar zai caje ka kuɗin jira.

Mako guda kafin tafiya a kai motar gareji, ba ana gobe ba, don in an taɓa wani abu ka samu kwanakin gwada shi a gari. A duba birki, belt, ruwan lagireto da tiyonsa, a yi juyen baƙin mai in lokacinsa ya yi. Taya a duba shekararta, lambobi huɗu ne a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tsohuwar taya mai kyan fuska ita ke fashewa a kwaltar rani. Safaya da jak da jarkar ruwa su zama a but. Takardun mota da lasin su cika, tara ɗaya ta cinye kuɗin kwana. Ka tashi bayan Asuba, ka isa Bauchi kafin Azahar, kada dare ya same ka a hanya, kuma ana gobe ka tambayi direbobin tasha yadda hanyar take.

Inda za ka rage sosai shi ne kwana da abinci. Kowa da kuɗin shigarsa a ƙofa, mota da nata, fita kallon dabbobi a motarsu ma da nasa, waɗannan ba makawa, ka kira ka ji na yanzu da na yara kafin ka tashi. Amma ba dole ka kwana biyu a ciki ba. Ka kwana a garin Bauchi, wurin dangi ko masauki mai sauƙi, ka yi sammako ka shiga, ka kama fitan safe, yara su yi wanka, ka fito da La'asar. In kana son kwana a ciki, ɗaya ya isa, ka isa da rana ka yi fitan yamma, da safe ka sake gwadawa. Kada ka yi wa yara alkawarin giwa, daji ne ba gidan zu ba, wata rana a gani wata rana sai sawunta da kashinta. Gwanki da mazo da mugun dawa da birai dai ba a rasa su. Abin da yara ba sa mantawa shi ne ruwan Wikki, mai ɗumi a kan digiri 31 dare da rana, garau har kana ganin yashin ƙasa. Akwai inda ya fi ƙarfin yaro, hannun autar kada ya bar naka.

Guzuri daga gida: dambun nama ko soyayyen nama, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, burodi, dafaffen ƙwai na ranar farko kaɗai, cincin, filas na ruwan zafi da kayan shayi, fiya-wata jaka uku da aka daskarar a zuba a kula. Abinci mai miya ba ya kai yamma a zafin nan. A sa gishirin zawo da maganin zazzaɓin yara da na sauro. Tsaraba a yanke mata kuɗi tun a gida, ita ce ke cinye na man dawowa.

Gogon birin sansanin kuma ba ya tsoron mutum. Leda a hannun yaro ƙwace ta zai yi, gilashin mota a buɗe shiga zai yi, ɗaki ma in ba a sa sakata ba yana tura ƙofa. Abinci ya zauna a but, a ci a ɗaki a rufe.

Hajiya Mai Kauda

Alkawarin Disamba ma ba sai an karya shi duka ba. Da lita goma za ka kai su Dutsen Dala da safe, ku sauko Gidan Makama, ku biya marinar Ƙofar Mata su ga yadda ake tsoma zane a baba, washegari gidan zu na Audu Bako da kular shinkafa da wake daga gida. Ka gaya musu Yankari tana nan bayan jarrabawar zango na biyu, ka ba babban yaron littafi ya riƙa rubuta abin da aka tara duk wata. In za ka sayi buhun PICS ɗin, ka saya cikin Oktoban nan, da wake ya shigo kowa nemansa yake.